Yadda Ake Tsara Girkin Gida Don Tare Maƙoƙo Tun Daga Kicin

Duk wadda ta tashi a Kaduna ta san maƙoƙo. Ko babu shi a gidansu, ta gan shi a layin awo ko a gidan biki, an ja mayafi an rufe wuya. Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa aka yi mata, wasu su ce gadon gidansu ne. Gado yana da nasa hannun a wasu cututtukan wuya, ban musa ba, amma irin maƙoƙon da ya fi yawa a garuruwan da ke nesa da teku daga abinci yake tasowa, kuma mai riƙe da ludayi ce ke iya tare shi. Na daɗe ina bi da mata wannan darasi a wajen awon ciki da azuzuwan matan aure, to ga shi a rubuce don amarya da duk wadda tukunyar gida ta dawo hannunta.

Abin da kike buƙatar sani kafin mu shiga aiki kaɗan ne. A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna ce mata tairod. Aikinta ta tsamo sinadarin aidin daga jini ta haɗa wasu sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke saita gudun jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, haila, da ginuwar ƙwaƙwalwar yaro. In aidin ya yi ƙaranci, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta aiko mata da saƙon ta ƙara himma, ita kuma ta yi ta girma don ta kama ɗan abin da ya rage a jini. Girman nan shi ne maƙoƙo. Aidin kuma ba shi kaɗai yake aikin ba. Sai da sinadarin ƙarfe tairod ke iya ɗaura aidin inda ya kamata, sai da seleniyam jiki ke mayar da T4 ya zama T3 wanda shi ne mai ƙarfin aiki, zink ma yana da nasa taimakon.

Aidin a teku ya fi taruwa. Ƙasar noma irin tamu da ke can cikin tudu, ruwan sama ya daɗe yana wanke ta, shi ya sa masara da dawa da geron da muke nomawa ɗan kaɗan suke ɗauke da shi. Dalilin ke nan da Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun 1993.

Kayan da za ki tanada

Gishirin leda rufaffe daga kamfani, ƙarama ko matsakaiciya. Kwalba ko roba mai murfi mai kamawa sosai, in so samu ne wadda haske ba ya ratsa ta. Gwangwanin madarar gari mai murfin roba ma ya yi, amma ki bar gishirin cikin ledarsa don kada ya ci ƙarfen. Ƙaramin cokalin shayi guda, busasshe, wanda ba shi da wani aiki sai ɗibar gishiri. Dankalin turawa ɗaya da lemun tsami don gwaji. Madubi da kofin ruwa don duba wuya.

A ɓangaren cefane kuwa: kifin teku, ƙwai, hanta ko jan nama gwargwadon hali, wake, daddawa, gyaɗa, riɗi, agushi, ganye irin zogale da alayyafo da rama, sai lemu ko gwaiba ko duk ɗan itacen da lokacinsa ya kama. Babu wani abu a nan da ba za ki samu a Bakin Dogo ko Kasuwar Barci ko Kawo ba. Ban sa ƙwayoyin ƙarin sinadari na kanti a lissafin ba, kuma da gangan na bar su.

1. Sayen gishiri

Nan ne rabin aikin yake. Ƙa'idar ƙasar nan ita ce gishiri ya bar kamfani da aidin miligiram 50 a kowane kilo, ya iso shago da akalla 30. Ratar da ke tsakani an bar ta ne don an san zai yi ta raguwa a hanya, saboda danshi da zafi da hasken rana duk suna cin sa.

To yanzu ki tuna yadda ake sayar da gishirin awo. An farke babban buhu an juye a daro, an tsira gwangwani a tsakiya, rana tana dukan sa tun hantsi har la'asar, da damina kuma ya sha raɓa ya dunƙule, gobe a sake shanya shi. Ko da aidin ya fito daga kamfani, Allah kaɗai ya san abin da ya saura a ƙullin da za a miƙo miki. Wani buhun ma tun asali ba na ci ba ne, na dabbobi ne ko na masu jima. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsa da na leda bai kai a sayi wannan kasadar ba.

Ki ɗauki ledar ki juya ta. Ki ga lambar rajistar NAFDAC, ki ga an rubuta akwai aidin a ciki, ki duba ranar da aka yi shi da ranar lalacewa. Ki matsa ta da hannu: in gishirin yana zuba warawara, lafiya; in ya yi dutse ko ledar ta huje, ajiye ki ɗauki wata. Kada arha ta ja ki ki sayi na wata shida a lokaci guda. Wanda zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu ya fi.

Kanwa ba gishiri ba ce, ba a sa mata aidin. Haka manda da kantu da sauran gishirin gargajiya da ake kawowa daga Bilma ko Keana, suna da nasu gurbin a magani da kiwo da ɗanɗanon da aka saba, amma ba su maye gurbin na leda. Akwai kuma wani yayi da ya shigo, gishirin Himalaya mai ruwan hoda da ake tallarsa a intanet da tsadar gaske. Yawancinsa ba a sa masa aidin ba. Mace ta bar mai araha mai amfani ta koma mai tsada don kwalbarsa ta yi kyau a kanta, wannan ni ban ga wayewa a ciki ba.

2. Gwada shi a gida

Ki yanka dankalin turawa gida biyu. Ki barbaɗa gishirin a fuskar da kika yanka, ki bar shi kamar minti ɗaya, sannan ki ɗiga lemun tsami ɗigo biyu. In akwai aidin, wurin zai rine ya yi shuɗi mai duhu ko shuɗi-shuɗi. In babu, ba abin da zai canza.

Kuskuren da aka fi yi shi ne matse rabin lemo gaba ɗaya a kai. Ruwan lemon in ya yi yawa yana goge launin, sai ki zargi gishirin da ba shi da laifi. In babu dankali, ki yi da cokali ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa wadda ba a sa wa gishiri ba. Gwajin nan yana gaya miki akwai ko babu ne kawai, ba ya faɗin yawa. Amfaninsa ya fi fitowa ranar da aka kawo miki gishiri cikin kayan gara ko na azumi ba ki san asalinsa ba.

3. Ajiya

Shiga kicin ɗin yawancinmu ki gani. Robar gishiri tana gefen murhu ko a kan teburin gas, murfinta ya ɓata tun bara, tururin tukunya yana sauka a ciki, ga ludayin miya an tsoma an ɗiba har gefen ya yi ja da manja. Duk kuɗin da aka kashe wajen sayen mai kyau a nan yake zubewa.

Ki juye gishirin a kwalbarsa ki rufe, ki sa a kabad ko kan kanta nesa da wuta da taga. Ki ɗiba da busasshen cokalinsa, ki mayar da murfi nan take. In girkinki da yawa ne, ki ware ɗan na kwana biyu ko uku a ƙaramin mazubi, babban ya zauna a rufe. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da komai na gidan Kaduna ke yin danshi, ki ƙara kula. Kada ki shanya shi a rana in ya jiƙe, kada kuma ki soya shi a kasko don ya bushe. Masu wanke gishiri don ya yi fari su sani aidin ne farkon abin da ke bin ruwan.

4. Awo da lokacin zubawa

Babban mutum yana buƙatar aidin maikirogiram 150 a rana (maikirogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya). Yaro daga haihuwa zuwa shekara 5 yana buƙatar 90, daga 6 zuwa 12 kuma 120, mai ciki da mai shayarwa 250. Wannan lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Ita dai hukumar ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya wuce giram 5, wato kusan cokalin shayi ɗaya shafaffe. Ki haɗa biyun ki gani: gishirin da ke da miligiram 30 a kilo, giram 5 ɗinsa yana ba da 150 cif. Ma'ana an auna abin ne yadda ɗan gishirin da ya dace zai wadatar. Ba a ce ki ƙara hannu don neman aidin ba, hawan jini yana nan yana jira.

Ga hanya mai sauƙi ta gane nauyin hannunki. Gida mai mutum shida, ko duk manya ne, bai kamata ya wuce giram 30 a rana ba. Ledar rabin kilo ke nan ta haura mako biyu. Tunda kuma akwai yara a ciki, ga magi, ga burodi, ga taliyar yara da ke zuwa da nata gishirin, kamata ya yi ta fi haka daɗewa sosai. In tana ƙarewa kafin nan, a rage.

Dunƙulen magi rabinsa ko fiye gishiri ne. Wasu kamfanonin suna yin sa da gishiri mai aidin, wasu har da ƙarin sinadarin ƙarfe, za ki gani a jikin ledar. Ki lissafa shi cikin gishirin yini, kada ki jefa biyar a miya sannan ki bi da cokali cike.

Lokacin zubawa kuma, ki jinkirta. Mun saba da an ɗora sanwa a watsa gishiri, miya ta yi awa tana tafasa a buɗe. Ki bari sai ta kusa nuna, saura 'yan mintuna a sauke, ki zuba ki juya ki rufe. In nama ne da ke son gishiri ya ratsa shi, ki sa kaɗan tun farko ki ajiye sauran zuwa ƙarshe. Taliya da shinkafar da ake tace ruwansu, duk gishirin da kika sa a ruwan rariya zai bi, don haka ki bar gishirinki ga miya.

5. Kifin teku da ƙwai

Su biyun nan jifa ɗaya ne tsuntsu biyu, domin suna ɗauke da aidin da seleniyam tare. Amma a bambance kifi. Tarwaɗa da karfasa da sauran kifin kogi da na kududdufin kiwo abinci ne mai kyau, sai dai aidin ɗinsu kaɗan ne, don ruwan da suka rayu a ciki ba shi da shi. Wanda kike nema shi ne na teku, wato kifin ƙanƙara irin titus da shawa da panla, ko sardin na gwangwani, ko busasshen kirafish da ake kawowa daga kudu. Sau biyu a mako ya isa. In titus ya fi ƙarfin aljihu, shawa ta fi sauƙi, ƙayarta ce dai sai an yi haƙuri an cire wa yara. In shi ma babu, ki daka kirafish ki riƙa zuba cokali ɗaya ko biyu a miyar kuka ko kuɓewa ko faten wake.

Ƙwai ɗaya yana ba da seleniyam wajen maikirogiram 15, babba kuma 55 yake buƙata a rana. Yawancin aidin ɗin ƙwai a gwaiduwa yake, don haka masu cire gwaiduwa su ba yaro farin kaɗai sun rage masa. Ita kuwa tsohuwar maganar nan ta cewa yaro in yana cin ƙwai zai yi sata, a bar ta a inda aka same ta. Kaza, hanta da ƙoda su ma suna da seleniyam. Nono da madara suna da aidin, amma yawansa ya danganta da abin da saniyar ta ci, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai.

Dalilin da ya sa na ce a abinci za ki nemi seleniyam ba a kwalba ba shi ne, tazarar da ke tsakanin isa da wuce gona da iri ba ta da faɗi. In ya haura maikirogiram 400 a rana yana zubar da gashi, ya sa farce karyewa, numfashi ya riƙa warin tafarnuwa. Sannan a arewacin Kongo, inda ƙarancin aidin da na seleniyam suka haɗu, an taɓa ba mutane seleniyam ba tare da an fara gyara aidin ba, sai aikin tairod ɗin wasunsu ya ƙara faɗuwa. Aidin ne gaba, sauran su biyo.

6. Gyaran jini

Nan nake so ki tsaya sosai, don mata abin ya fi shafa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ba duka ne daga abinci ba, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai tsutsar ciki, akwai haihuwa kusa-kusa da haila mai yawa. Amma ƙarancin sinadarin ƙarfe yana kan gaba. Abin da ya haɗa shi da zancenmu: tairod ba ta iya sarrafa aidin yadda ya kamata in babu ƙarfe. A Kwaddebuwa an gwada a kan yara masu maƙoƙo, aka ga masu ƙarancin jini wuyansu bai saɓe da aidin kaɗai kamar na sauran ba, da aka haɗa musu da ƙarfe sai kumburin ya fi raguwa. Saboda haka mace tana iya cin gishiri mai kyau amma rashin jini ya tauye mata amfaninsa.

Ƙarfen da jiki ya fi saurin ɗauka shi ne na hanta, jan nama, ƙoda da kifi. Na wake, daddawa, zogale, alayyafo da rama yana nan, sai dai jiki ba ya ɗaukar sa da sauƙi sai an taimaka masa. Taimakon abu biyu ne. Na farko, ki haɗa shi da mai tsami ko ɗanyen ɗan itace a zama ɗaya: ki matsa lemun tsami a kwaɗon zogale, ki yanka ɗanyen tumatir a kan wake da shinkafa, a sha lemu ko a ci gwaiba bayan tuwo. Na biyu, ko 'yar tsokar nama ko kifi ce a cikin miyar ganye tana ƙara yawan abin da jiki zai tsotsa daga ganyen.

Mai hana ruwa gudu shi ne shayi. Ganyen shayi da kofi suna riƙe ƙarfen abinci su hana shi shiga jini. Gidan da ake karyawa da ƙosai ko alala a kora da baƙin shayi, ko a dafa na bayan abinci da an tashi daga tuwo, a raba su da akalla awa guda. Ban ce a daina shayi ba, na san wannan ba mai yiwuwa ba ne a gidajenmu.

Gargaɗi biyu. Mai ƙaramin ciki ta bar hanta, saboda bitamin A ɗin da ke cikinta yana da yawan da zai iya cutar da ɗan tayi. Mai sikila kuma kada ta sha maganin ƙarin jini mai ƙarfe sai likita ya auna ya ce, domin rashin jininta wani iri ne daban.

7. Zink

Wannan ba ya buƙatar dogon zance. Nama, gyaɗa, agushi, riɗi da wake duk suna da shi, in kina bin matakan baya kin riga kin same shi. Dabarar kawai ita ce jiƙo. Hatsi da wake suna da wani sinadari da ke ƙulle zink da ƙarfe, jiƙawa da tsimawa suna sassauta shi. Ki jiƙa wake ya kwana ki zubar da ruwan kafin ki dafa, ya fi ki cika masa kanwa. Kamu da ƙullun waina da aka bari suka yi tsami, iyayenmu sun riga mu yin daidai a nan.

8. Gero, rogo, kabeji da waken suya

Waɗannan su ne ake tsorata mutane da su a waya, har wata ta ce ta daina shan fura. A yi bayani dalla-dalla. Gaskiya ne suna ɗauke da abubuwan da ke taka wa tairod birki, amma illarsu tana fitowa ne a jikin wanda aidin ɗinsa ya riga ya yi ƙasa, kuma abu ɗaya yake ci safe da dare.

Gero shi ya fi kusa da mu. A Darfur ta yammacin Sudan an lura maƙoƙo ya fi yawa a ƙauyukan da gero ne kusan dukkan abincinsu, aka bincika aka samu wasu sinadarai a cikinsa da ke rage wa tairod ƙarfin ɗaura aidin. Dafuwa ba ta kashe su. Sun fi taruwa a dusa, don haka surfe da bakace da wanki suna rage su. Shawarata: a surfa gero kafin a yi fura ko kunu ko tuwo, kuma a riƙa sauyawa. In an sha kunun gero da safe, dare ya zama tuwon masara ko dawa ko shinkafa. Gidan da gishirinsa ke da aidin ba shi da dalilin rabuwa da fura.

Rogo ya fi son a yi hattara. Yana da guba, musamman mai ɗaci, wadda in ta shiga jiki take komawa wani sinadari mai yin takara da aidin a ƙofar tairod. Mai zaƙi da muke dafawa mu ci da ƙuli, a fere shi da kauri, a yanka, a dafa cikin ruwa mai yawa tukunya a buɗe, a zubar da ruwan. Kada a bar yara suna gaigayar ɗanye. Mai ɗaci kuwa sai an fere an jiƙa kwana uku zuwa biyar ya yi laushi, a shanya ya bushe ƙayau kafin ya zama alabo. In kin sayo alabon ɗanwake ko garin kwaki kika ji yana ɗaci a harshe, an yi gaggawa wajen sarrafa shi, kada ki ba iyali.

Kabeji, dafawa ko turarawa tana rage nasa, ɗan wanda ake yankawa a kan shinkafa kuma ba abin damuwa ba ne. Awara da madarar waken suya, waɗanda Kaduna ba ta rasa su tunda muna cikin masu noman waken, ba su da laifi ga mai isasshen aidin. Inda suke da magana shi ne wajen mai shan maganin tairod, zan zo kansa. In maigida yana shan sigari, a gaya masa hayaƙinta yana da irin sinadarin nan na rogo.

9. Mai ciki, mai jego da yara

A watannin farko na ciki, ɗan tayi ba shi da tairod mai aiki, da sinadarin uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Ƙarancin aidin a wannan lokaci yana jawo ɓari, haihuwar ɗa marar rai, ko yaro ya taso da raunin fahimta wanda ba ya gyaruwa daga baya. Shi ya sa gyaran nan tun kafin ciki ake fara shi, ba sai an je awon farko a wata na biyar ba. Mai ciki ta ƙara kifi da ƙwai da nono, ba gishiri ba. Maganin ƙarin jinin da ake bayarwa a wajen awo ta sha shi da ruwa ko lemu, ba da shayi ko madara ba.

Jariri daga nonon uwa yake samun nasa, don haka kwanon mai jego ne abin kula. Kunun kanwa da ake ɗura mata ba ya ƙara aidin ko kaɗan. Yaron da bai shekara ba kuma ba a sa masa gishiri ko magi a abinci. Bayan wata shida a fara ba shi ƙwai da dakakken kifi a cikin kununsa ko fatensa.

10. Duba wuya, da sanin ranar zuwa asibiti

Lokaci-lokaci ki tsaya gaban madubi a wuri mai haske, ki ɗan ɗaga haɓa, ki kurɓi ruwa ki haɗiye kina kallon tsakanin zakaran wuya da ƙashin ƙirji. In kin ga wani tudu ko ƙullutu yana hawa yana sauka tare da haɗiyar, a je a duba.

Ba kowane ciwon tairod ne ke kumbura wuya ba. In aikinta ya yi ƙasa, za a ga kasala marar dalili, jin sanyi ko ana zafi, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, rikicewar haila. In ya yi yawa kuma, rama ce ga ci kamar gara, faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu, rashin barci, wani lokaci idanu su firfito. Da yawa daga irin waɗannan garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi tairod, ba ruwansu da gishirin kicin, abinci kuma ba ya warkar da su. Gwajin jini na TSH (wato saƙon nan da ƙwaƙwalwa ke aiko wa tairod) da T4 ne ke rarrabewa, wani lokaci da hoton wuya. Asibitin koyarwa na Barau Dikko a cikin gari da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna ganin masu irin wannan.

Kada a jira ko kwana ɗaya in kumburin yana girma da sauri, ko ya yi tauri, ko murya ta dishe ta ƙi komawa, ko haɗiya da numfashi suna wuya. Kada a yarda a yi tsaga ko sakiya ko a kafa ƙaho a wurin, manyan jijiyoyin jini ne kewaye da shi. Aidin ɗin da ake shafa wa ciwo kuma ba na sha ba ne, guba ne, kada wani ya ce a ɗiga a ruwa. Haka ƙwayoyin ganyen teku da ake tallatawa da sunan maganin maƙoƙo: aidin in ya yi yawa shi ma yana birkita tairod, musamman ga wadda ta daɗe da kumburi mai ƙulluttai. Tsohon maƙoƙon da ya girma ba ya komawa da gyaran abinci, wani sai magani, wani sai aiki.

11. In an riga an ɗora ki a kan magani

Wadda tairod ɗinta ta yi rauni ana ba ta ƙwayar tairoksin, kullum guda, galibi har tsawon rai. Abin mamaki, sinadaran nan da muka yi ta nema a sama su ne ke hana ta shiga jiki in suka haɗu a ciki. Ki sha ta da ruwa zalla da kin tashi, ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ki karya. Maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam ta ƙashi, da maganin gyambon ciki irin mai kaurin nan fari, ki raba su da ita da awa huɗu. Mafi sauƙi ki mayar da su bayan azahar ko dare. Madara, kofi, awara da kunun waken suya kada su zama abin da zai fara biyo bayanta. Kada ki daina don kin ji sauƙi, kuma da kin tabbatar kin samu ciki ki koma wa likita, domin yawanci sai an ƙara adadin.

Da azumi hanya biyu ce. Ko ki sa agogo ki tashi ki sha ta rabin awa zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko ki mayar da ita lokacin kwanciya, muddin an yi awa uku da cin abincin ƙarshe. A gidan da ake ci bayan tarawihi har sha ɗayan dare, ta kafin sahur ta fi sauƙin kiyayewa. Wadda kika zaɓa ki tsaya a kanta har Salla, in watan ya wuce da 'yan makonni ki je a sake auna TSH a ga ko adadin yana nan daidai.